Sayen Yaro Don A Ba Da Shi Aro

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni filin da ka saba ba ni, domin a wannan mako ina so in yi magana a kan wani ciniki wanda ya shafi samarinmu na Kaduna ƙwarai, amma kaɗan ne cikin iyayensu suka san yadda a ke ƙulla shi. Watau al'adar nan ta manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai, su sayi yaro da ƙuruciyarsa, su ba da shi aro ga wata ƙungiya shekara da shekaru, in ya yi daraja su sayar su ci riba, alhali kuwa wani bai taɓa sa rigarsu ya shiga fili ba ko sau ɗaya.

Kowa ya san yadda garin nan ya ke da tamaula. Daga Kawo zuwa Unguwar Dosa, daga Badarawa zuwa Unguwar Rimi, babu filin makarantar da za ka wuce da la'asar ba ka ga ƙura na tashi ba. In labari ya zo cewa Chelsea ko Liverpool ko Roma ta sayi wani ɗan Nijeriya, sai gidajen kallo su kaure da murna, a ce yaro ya haye, gidansu sun yi ban kwana da talauci. To, ni dai ina so mu dakata da guɗa tukuna, mu bi sawun yaron nan, mu ga inda ya kan kwana bayan an ɗauki hotonsa yana riƙe da riga.

Da fari bari in bayyana abin da a ke nufi da aro, saboda malamai da dattawa waɗanda ba su damu da kallon wasa ba. Ɗan wasa ya kan sa hannu a takardar yarjejeniya da ƙungiya, ta shekara huɗu ko biyar. Muddin wa'adin bai cika ba, ba shi da iko ya yi wa wata wasa sai da yardar ta farko. In ta sallame shi gaba ɗaya aka biya ta kuɗi, shi a ke kira sayarwa. In kuwa ta ba da shi na wata shida ko shekara guda, bisa sharaɗin ya komo, shi ne aro. Wadda ta ara ita kan biya albashinsa, duka ko rabi, wani lokaci har ta ƙara da kuɗin haya a kai.

Aron nan kuwa iri biyu ne, kuma duk wanda bai rarrabe su ba, ba zai gane maganar da zan yi ba. Akwai aro na koyo, kamar yadda maƙeri kan tura ɗansa wajen wani maƙeri ya ƙaro sani, yana sa ran ya dawo ya gaji maƙera. Akwai kuma aro na kasuwa. Wannan ya fi kama da abin da attajiri kan yi, ya sayi 'yan raguna da araha bayan Salla, ya rarraba wa mutanen ƙauye kiwo, su sha wahalar harawa da dusa, in layya ta matso ya tattaro su ya kai Zangon Tudun Wada. Ko da biyu sun rame cikin goma bai damu ba, gama ribar takwas ta rufe. Attajirin nan bai yi laifi ba, domin rago rago ne. Amma ɗan mutum yana da shekarun ƙuruciya ƙididdigaggu, waɗanda in sun wuce ba su komowa.

Ku 'yan'uwana akawuna, ga lissafin da ke sa cinikin nan ya yi musu daɗi. A ce ƙungiya ta sayi yaro fam miliyan 5 a kan yarjejeniyar shekara 5. Ba ta rubuta miliyan 5 a littafin kashewa na shekarar nan, sai ta raba su, miliyan ɗaya kowace shekara. Bayan shekara 3 darajarsa a littafi ta koma miliyan 2. In ta sayar da shi miliyan 10, sai ta rubuta ribar miliyan 8 nan take, cikin shekara guda, ga shi kuwa waɗansu ne suka riƙa biyan albashinsa duk tsawon lokacin. Ribar nan tana da amfani gare su ƙwarai, domin hukumomin ƙwallo na Turai sun kafa iyaka ga asarar da ƙungiya za ta yi, har a 2023 aka zaftare wa Everton maki saboda ta ƙetare iyakar. Da ribar yaran aro a ke cike gurbin kuɗin da aka kashe wajen sayen manyan 'yan wasa.

Chelsea ita ce ta fi suna a wannan sana'a. A kakar 2018 zuwa 2019 'yan wasanta da ke zaman aro sun kai wajen 40, watau sun fi waɗanda ke gida yawa. Ta sayi Kevin De Bruyne a 2012, ta ba Werder Bremen aro, ta sayar wa Wolfsburg a 2014 da riba mai kauri. Ta sayi Romelu Lukaku a 2011, ta ba West Brom da Everton aro, ta sayar wa Everton fam miliyan 28 a 2014. Waɗannan biyu sun zama manya daga baya, shi ya sa a ke tunawa da su. Sauran da ba su zama kome ba, wa ke kiran sunansu yau?

Namu yaran kuwa suna da wata ƙarin matsala wadda 'yan Turai ba su da ita a wancan lokaci, watau takardar izinin aiki. Kafin 2021, baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba ba ya samun izinin wasa a Ingila sai in ya buga wa ƙasarsa kaso mai yawa na wasanninta, ko kuwa an saye shi da tsada ƙwarai. Yaro ɗan shekara 18 ina zai sami wannan? Saboda haka ƙungiyar ta san tun ranar da ta saye shi cewa ba zai yi mata wasa ba. Dubi Taiwo Awoniyi, mutumin Ilorin. Liverpool ta saye shi a 2015 a kan wajen fam dubu 400. Ya yi zaman aro sau bakwai, a Jamus da Holan da Beljiyam, har 2021 ta sayar da shi ga Union Berlin wajen fam miliyan 6 da rabi, bai taɓa buga mata wasan gasa ba. Da Nottingham Forest ta saye shi a 2022 Liverpool ta sake karɓar rabonta cikin kuɗin. Haka Kenneth Omeruo, wanda ya ci wa Nijeriya Kofin Afirka a 2013. Chelsea ta ɗauke shi a 2012, ya zaga Holan da Ingila da Turkiyya da Sifen, sai a 2019 ta sayar da shi ga Leganés, shekara bakwai ke nan, shi ma bai taɓa buga mata wasan gasa ba.

Yanzu sai mu komo gida. Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Cikin samarin da suka ciwo wa Nijeriya zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Celestine Babayaro da Garba Lawal, dukansu 'yan garin nan. Ku dubi ƙofar da suka bi. Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees zuwa Club Brugge ta Beljiyam a 1990, ya yi shekara huɗu yana wasa, sa'an nan Everton ta saye shi a 1994, ya ci Kofin FA da ita a 1995. Tijjani ya tafi Roda ta Holan a 1991, ta ba VVV-Venlo aronsa, ya komo ya sami gurbi, sa'an nan Ajax ta saye shi a 1996. Wannan shi ne aro na koyo, gama wadda ta ba da shi tana jiran dawowarsa. Babayaro kuwa ya ƙware a Anderlecht tukuna, kana Chelsea ta saye shi a 1997 a kan fam miliyan 2 da dubu 250, ya zauna yana yi mata wasa har 2005. Dukansu sun shiga ta ƙaramar ƙofa, suka yi suna, sa'an nan manya suka zo nema, suka saye su don su sa su a fili.

To, ku gwada wannan da labarin Sadik Umar, wanda aka haifa a Kaduna a 1997. Ya bi ta wata makarantar ƙwallo a Abuja ya isa Italiya tun bai kai shekara 18 ba, ya yi wasa a ƙaramar ƙungiyar Lavagnese, sa'an nan Spezia. A 2015 Roma ta ɗauke shi, ya ci mata ƙwallo biyu a babbar gasar Italiya yana ɗan shekara 18, ta kuwa saye shi a 2016. A shekarar nan ne ya je Olamfik na Rio, ya ci ƙwallo huɗu, biyu daga ciki a wasan da Nijeriya ta doke Honduras ta sami tagulla. Duk wanda ya gan shi a lokacin ya ce ga magajin Amokachi ya zo.

Sai aro ya fara. Aka tura shi Bologna a 2016, aka tura shi Torino a 2017, ba a cika sa shi wasa ba a ko wacce. A farkon 2018 sai NAC Breda ta Holan, inda ya ɗan farfaɗo. Kafin ya zauna da gindinsa sai aka ce Rangers ta Sikotilan, can ma aka katse aron tun shekara ba ta ƙare ba. A farkon 2019 sai Perugia, a tsakiyar shekarar kuma sai Partizan ta ƙasar Sabiya. Ƙungiya shida ke nan, ƙasa huɗu, cikin shekara uku da 'yan watanni. Ku auna wannan a zukatanku, jama'a. Saurayi ɗan shekara 20, duk wata shida sabon harshe, sabon mai koyarwa, sabon ɗaki, sabon sanyi, ga shi kowane mai koyarwa ya san yaron nan ba nasa ba ne, gobe zai tafi, don me zai ɓata lokaci wajen gyara shi? Ko itace ne a ke cirewa a dasa duk wata shida, ba zai yi saiwa ba.

Abin lura shi ne lokacin da ya fara haske. Partizan ta riƙa sa shi wasa mako bayan mako, ta saye shi ya zama nata, sai ƙwallaye suka fara zuba. A 2020 Almería ta Sifen ta saye shi, ya ci mata ƙwallo 20 a kakar farko, 18 a ta biyu, ta hau babbar gasar ƙasar a 2022. A watan Satumba na shekarar nan Real Sociedad ta biya yuro miliyan 20 a kansa, ko da ya ke raunin gwiwa ya same shi cikin 'yan kwanaki ya kwantar da shi har ƙarshen kakar. Ƙafar da ta kasa a Bologna ita ce ta ci a Almería. Abin da ya sake shi ne ya sami gidan da a ke bukatarsa. Hausawa dai sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sadik ya yi sa'a, kuma ya yi haƙuri. Abokin tafiyarsa Nura Abdullahi, wanda suka shiga Roma tare, shi ma an ba Perugia aronsa, amma a 2019 likitoci suka hana shi wasa saboda ciwon zuciya, yana ɗan shekara 21. Wannan ƙaddara ce, ba laifin kowa ba ne, amma tana tuna mana cewa sana'ar nan tana iya yankewa rana ɗaya, kuma yaron da ya bar makaranta dominta ba shi da abin da zai koma wa. Game da hanyar da a ke bi da yaranmu kuwa, a 2021 hukumar ƙwallo ta duniya, watau FIFA, ta hukunta Spezia da Lavagnese saboda keta dokar shigo da yara ƙanana daga Nijeriya. Daga baya kotun wasanni ta duniya ta sassauta wa Spezia hukuncin.

Kada a ce na ɗauko ɓangare guda na bar ɗaya, ga Victor Moses, wanda ya tashi a garin nan ya tafi Ingila yana ɗan shekara 11. Chelsea ta saye shi daga Wigan a 2012, ta ba Liverpool aronsa a 2013, Stoke a 2014, West Ham a 2015. Kowa ya ɗauka tasa ta ƙare a can. Sai a 2016 aka kawo sabon mai koyarwa, Antonio Conte, ya dube shi ya ga abin da waɗansu ba su gani ba, ya sake masa wurin tsayuwa a fili, suka ci gasar Firimiya tare a 2017. Amma da Conte ya tafi, sai Moses ya sake ɗaukar jaka, Fenerbahçe a 2019, Inter a 2020, sa'an nan Spartak ta Rasha, wadda ta saye shi a 2021. Aro shida cikin shekara tara. Ashe ko wanda ya ci nasara, zamansa ya rataya ne a kan ra'ayin mutum guda.

Na san abin da waɗansu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce, Malam, yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a Hayin Banki, in Chelsea ta ba shi takardar shekara biyar, ko ba ta taɓa sa shi wasa ba, ai albashinsa na wata guda ya fi abin da ubansa zai samu a shekaru. Za su ce ko da ya ji rauni albashin nan ba zai tsaya ba, kuma sunan babbar ƙungiya tambari ne wanda ke buɗe masa ƙofofi. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ni da bakin da zan ce wa talaka ya ƙi abinci. Omeruo da Awoniyi ba su dawo da hannu biyu ba. Amma a tuna, mu kan ji labarin waɗanda suka tsira ne kaɗai. Ƙungiyar da ta tara yara 40 ta san ba ta da gurbin ko goma, ta kuma riga ta sa asarar sauran cikin lissafinta. Ita tana da yara 40, uba kuwa ɗansa guda ne, in shi ne ya faɗi cikin asarar, ba wata ribar da za ta rufe masa.

Hukuma ma ta ga ɓarnar, ta kuwa yi dokoki. Tun 2001 FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa don ƙwallo sai ya cika shekara 18, in ban da 'yan dalilai kaɗan, kamar in iyayensa sun ƙaura saboda wani abin da ba ƙwallo ba. A kan wannan doka aka hukunta Barcelona a 2014, da Real Madrid da Atlético a 2016, da Chelsea a 2019 a kan yara 29. A 2015 ta hana wani ɗan kasuwa ya mallaki rabo cikin kuɗin sayar da ɗan wasa. A 2022 kuma ta kafa iyaka ga aro tsakanin ƙasa da ƙasa, ta ce kada ƙungiya ta ba da fiye da 8 a lokaci guda, aka rage zuwa 7 a 2023, zuwa 6 daga watan Yuli na 2024. Kada aro ya wuce shekara guda, kada a ba ƙungiya ɗaya fiye da mutum uku, kuma wadda ta ara ba ta da iko ta ba wata aro. An cire yaran da ƙungiya ta rena da kanta waɗanda ba su wuce shekara 21 ba.

Amma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Da attajiran nan suka ga an taƙaita musu aro, sai suka ƙara himma wajen sayen ƙungiyoyin kansu. Masu Manchester City sun tara ƙungiyoyi fiye da goma a ƙasashe dabam dabam, cikinsu har da Girona ta Sifen da Troyes ta Faransa da Lommel ta Beljiyam. Masu Chelsea suka sayi Strasbourg ta Faransa a 2023. In mutum guda ke da gidajen biyu, ba ya bukatar aro, sai ya sayar wa kansa daga hannun dama zuwa na hagu. Saboda haka kada mu zauna muna jiran doka ta tsare mana 'ya'ya daga Zurich. Tsaron farko a nan gida ya ke.

Akwai kuma wani haƙƙi namu wanda mu ke bari yana zubewa saboda sakaci. Dokar FIFA ta ce in an sayar da ɗan wasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23, muddin cinikin ya ƙetare ƙasa ko kuwa masu renon suna wata ƙasa dabam. Ga yadda a ke rabawa. Shekaru huɗu na farko, daga 12 zuwa 15, kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran takwas kuma kowace tana da rabin kashi ɗaya. To, in an sayar da mutum yuro miliyan 20, rabon masu reno yuro miliyan ɗaya ne, kuma 'yar ƙungiyar unguwa wadda ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 tana da yuro dubu 200. Ku ƙiyasta ƙwallaye da takalma da kuɗin makarantar yara nawa wannan zai biya a Kawo ko Rigasa. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a birnin Faris don biyan irin kuɗin nan kai tsaye. Amma ofishin ba ya aiki da shaidar baki, takarda ya ke bi. In ƙungiyar ba ta yi rajista da hukumar ƙwallo ba, ko ba ta rubuta sunan yaron da shekarunsa ba, to, ta zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan sai in juyo gare ku, malaman makaranta da akawuna da limaman unguwa, domin ku ne iyaye kan zo wa da takarda su ce ku karanta musu. In aka kawo muku irin wannan, ga abin da na ke ganin ya kamata a bincika.

Na ɗaya, shekarun yaro. Duk wanda ya ce zai fitar da yaron da bai kai 18 ba zuwa Turai don ƙwallo, ko dai bai san doka ba ko kuwa yana nufin ya kewaye ta, kuma in asiri ya tonu yaron ne zai rasa wurin wasa. Kada kuma a yarda a rage masa shekaru a takarda, gama ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyu, dillali. A nemi ya nuna lasisinsa, a kuma tambayi hukumar ƙwallo ta jiha ko ta san shi. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita kan biya kuɗin jirgi da masauki. Wanda ya ce a sayar da fili ko keken ɗinki a ba shi kuɗin biza, a sallame shi tun daga zaure.

Na uku, a tambaya a fili, a ina yaron nan zai yi wasa a shekarar farko? In an ce aro za a ba da shi, wace ƙungiya, wace ƙasa, wa zai biya albashi, wa zai biya magani in ya ji rauni, wa zai kula da masaukinsa da koyon harshe? Duk amsar da aka bayar a rubuta ta cikin takarda. Kada kuma a sa hannu a abin da aka rubuta da harshen da babu mai jinsa a gidan, sai an fassara, an kai wa lauya ya duba.

Na huɗu, in ƙungiya biyu ke nema, babba mai suna da ƙarama wadda za ta sa shi wasa, kada a raina ƙaramar. Hanyar da Amokachi da Babayaro suka bi ke nan, ita ce kuma ta ceto Sadik. Ɗan wasan da ke fili kowane mako mai saye zai gan shi ko a wane lungu ya ke.

Na biyar, wanda ya fi duka, kada a cire yaro daga makaranta saboda ƙwallo. Ƙwallo da la'asar a ke yi, aji kuwa da safe, babu wanda ya tare wa wani hanya. Yaron da ya iya karatu shi zai karanta yarjejeniyarsa da kansa, ya lissafa albashinsa, in kuma gwiwa ta ƙi ya sami abin da zai dogara a kai.

Ga hukumar ƙwallo ta Jihar Kaduna kuma ina da roƙo guda. Ta sa a yi rajistar kowace ƙungiyar unguwa da kowane yaro da ke cikinta, da ranar haihuwarsa ta gaskiya da ranar da ya shiga, ta kuma sauƙaƙa kuɗin rajistar yadda mai koyarwa talaka zai iya biya. Aiki ne na akawu biyu ko uku da kwamfuta guda, amma shi zai sa in ɗanmu ya yi daraja a Sifen ko Ingila, wanda ya saya masa takalmin farko ya ga ladan wahalarsa. Attajiran garin nan su ma su dubi Ranchers Bees da Kaduna United, wadda ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa a 2010. In akwai ƙungiya mai ƙarfi a gida wadda ke biyan albashi a kan kari, yaro ba zai yi gaggawar sa hannu a takardar farko da aka miƙo masa ba, mai saye kuma dole ya zo da farashi na mutunci.

Ban ce kada yaranmu su tafi Turai ba, su tafi, Allah ya ba su sa'a. Abin da na ke so shi ne uba ya san irin cinikin da a ke yi da shi kafin ya dangwala hannu, ya san ko ɗansa za a sa a fili ko kuwa kiwo za a ba da shi. In akwai wani cikin masu karatu, musamman masu koyar da yara ƙwallo a unguwanni, wanda ya ga abin ba haka ya ke ba, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita, mu ji nasa, mu ƙaru da juna.

Allah ya kiyaye mana zuriya, ya sa mu dace. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Kaduna.